Tunkiya Ba Ta Cikin Waƙar

Fitilun gaba guda biyu, kowace naɗe cikin rigar sanyi. Fitilun hazo biyu masu ruwan ɗorawa. Ƙwan fitila huɗu a kwalinsu. Dunƙulen waya, fis, sifana, tef ɗin awo, alli. Kayan sawa na kwana huɗu. Tikitin komawa Aberdeen ranar Litinin.

Iyakar abin da Rannvá ta ɗauko ke nan. Jakar na tsakanin ƙafafunta, ta matse ta da gwiwa don kada tangaɗin jirgin ruwa ya fasa wani abu. Awa guda ke nan da suka bar Havn, babban garin tsibiran, saura awa guda su kai tsibirin kudu. Ta taga ba a ganin ruwa, ba a ganin sama. Fari ne kawai, kamar an tsoma jirgin cikin ƙwaryar nono. Jefi-jefi wani baƙin dutse ya leƙo, ba gindi ba kai, ya sake nutsewa.

Yayanta Símun ne ya ɗauko ta daga filin jirgin sama ya kai ta tashar ruwa. Bai taɓo maganar ba sai da ya kashe mota.

"Ki duba min ita da kyau."

"Motar ko Mamma?"

"Kin fi ni sanin wadda nake nufi."

Mako uku da suka wuce mahaifiyarsu Marjun ta buge tunkiya a kan hanyar dutse, cikin hazo. Tunkiyar ta mutu, fitilar hazo ɗaya ta fashe, Marjun ko ƙwarzane ba ta yi ba. Shekarunta saba'in da huɗu, ita kaɗai a gida tun rasuwar mijinta. Ƙauyen ba kanti, ba asibiti, sai an haura dutse an gangara gari, kilomita goma sha ɗaya. Wanda ba ya tuƙi a can sai dai ya zauna jiran mai rage masa hanya, Marjun kuwa ba ta iya jira ba. Símun ya ce a karɓe makulli ta dawo Havn, ga ɗaki nan ya gyara mata a ƙasan gidansa. Marjun ta ce idonta garau yake, idon motar ne ya yi yana. Suka ja, suka ja, daga ƙarshe suka tsaya a kan Rannvá: ita ce injiniyar lantarki, ta zo ta sa sababbin fitilu, ta zauna kusa da uwar a yi tafiya ɗaya. Abin da ta faɗa shi za a yi.

Shekara goma sha tara tana waje, ba wanda ya nemi ra'ayinta ko a kan gishirin miya. Yanzu an miƙa mata alƙalanci.

A tashar kudu Hanus ne ke jiranta, ƙanin mahaifinta, wanda kuma tunkiyarsa ce aka buge. Ya karɓi jakar ya auna nauyinta a hannu.

"Injiniya, duwatsu kika kawo mana? Ai muna da su."

"A hankali, Baffa, abin fashewa ne."

Ta zagaya ta buɗe ƙofar hagu, ta tarar da sitiyari yana kallonta. Hanus ya tsaya da makulli a hannu, ya bar ta ta gama gani.

"Ke za ki ja mu? Ga wuri."

"Mantuwa ce."

"Can ƙasar taku komai a juye yake. Ko shayi ma da hagu kuke sha?"

Ta koma ɗaya ɓangaren ta zauna. Kafin su kai rabin dutse barci ya ɗauke ta.

Marjun ta tare ta a bakin ƙofa, ta kama fuskarta da hannu biyu, ta juya ta wajen fitilar zaure ta daɗe tana kallo.

"Kin rame."

Rannvá ba ta rame ba. Kilo shida ta ƙara tun zuwanta na ƙarshe. Ta ajiye wannan a ranta, ta cire takalmi.

Aka ci dankali da busasshen kifi da narkakken kitse. Bayan nan Marjun ta ɗauko cinyar tunkiya daga rumbun iska, inda ake shanya nama, ta shiga yankowa sirara-sirara. Yatsanta na gaba, wuƙa na biye. Ba ta kalli naman ba ko sau ɗaya, amma wannan ba shaida ba ce, don tun Rannvá na ƙarama haka take yanka.

Washegari Asabar, gari bai gama wayewa ba sai wajen tara. Motar na cikin tsohon ɗakin kwale-kwalen mahaifinta, dogon ɗaki mai warin kwalta da gishiri, ba taga ko ɗaya. Tun da aka sayar da kwale-kwalen, ɗakin ya zama gareji. Da baya ake shigar da mota, hancinta na fuskantar ƙofa. Haka ya tsara, haka aka ci gaba bayansa.

Rannvá ta buɗe ƙofofin biyu don haske ya shigo, ta tsuguna a gaban motar. Ta wannan gefen Marjun ba ta yi ƙarya ba. Iskar gishiri ta cinye fuskar fitilun, sun yi fari-fari da rawaya kamar idon tsohon kare. Ta shafa ɗaya, ta ji kaushi a tafin hannunta.

Ta fara cire wayar batir. Daga nan notunan bamba. Tsatsa ta riƙe uku daga ciki, ta zuba musu mai ta jira, ta hura yatsunta, ta sake gwadawa. Marjun ta kawo kofi a gora, ta kife akwatin kifi ta zauna a kai da saƙarta.

"Babanku bai taɓa cire bamba ba."

"Baba ƙwai kawai yake canjawa."

"Kuma yana gani."

"Shi yake gani ko motar?"

Alluran saƙa suka ci gaba da ƙaramar ƙararsu.

Rannvá ta shiga motar neman littafin da ke nuna inda kowane fis yake. A akwatin gaba, ƙarƙashin littafin, ta ci karo da takardar asibiti mai sunan Marjun. Likitan ido ne. Yana ce ta rufe ido biyu, ya ce, an sa ranar aiki a watan Oktoba. An ja layi a kan ranar da biro, a gefe kuma da rubutun Marjun, manyan haruffa masu hawa kan juna: Fabrairu. Rannvá ta karanta sau biyu, ta ninke ta yadda ta same ta, ta mayar.

Ta fara da na hazo. Ta kwanta a kan kwali ta zaro fasasshiyar, har da gashin tunkiya maƙale a bakinta. Wayar ta ruɓe, ta yanke ta ja sabuwa, ta sa fis a tsakani, ta naɗe mahaɗar da kyau saboda ruwa. Ƙwan fitila kuwa da tsumma ta riƙe shi, don maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya fasa shi in ya yi zafi. Manyan fitilun ba su ba ta wahala ba. Suka shige gurbinsu kamar a nan aka haife su. Sau uku ta duba lambar motar da shekararta a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci a Aberdeen, ta ƙirga haƙoran soket da yatsa, har mai shagon ya gaji da ita.

Da tsakar rana Hanus ya iso, hannu a aljihu.

"An gama, ko a aika Ingila a ɗauko wani injiniyan?"

"Rufe mana ƙofa, Baffa. Mamma, shiga ki zauna. Da nauyin mai tuƙi ake auna haske."

Hanus ya jawo ƙofofin. Duhu ya rufe su, ƙarar teku ta koma can nesa. Marjun ta laluba ta murɗa maɓalli.

Bayan ƙofar ya bayyana. Mahaifinta ya bar rubutunsa a nan. Kowace mota da ya taɓa mallaka ya ja mata layi da ƙusa a jikin katako ya cika shi da alli, ya rubuta shekara a gefe. Layi biyar, wani bisa wani, kamar shaidar da ruwa ke bari a jikin dutse. Kowane ya taso daga hagu a kwance, in ya kai tsakiya ya karye ya haura dama, kamar mutum ya ɗaga hannu ɗaya. Ɗagawar nan ita ke haska gefen hanya inda tumaki ke kwanciya, kwanciyar ta hagu kuma ita ke kare idon mai tahowa.

Sabon hasken fari ne tas, bakinsa kamar na wuƙa. Ya taso daga dama a kwance, ya kai tsakiya, ya haura hagu. Ya gitta layin mahaifinta, su biyun suka yi almakashi a jikin ƙofa.

Ƙura na yawo a cikin hasken a hankali, tana hawa tana sauka. Can Hanus ya yi dariya ta hanci.

"Injiniya. Fitilunki ma hannun hagu suke bi."

Tun kafin ya rufe baki ta gane. A can motoci hagu suke bi, don haka fitila hagu take ɗaga haskenta, wajen ciyawa. A nan hagu fuskar mai tahowa ce. Duk wanda ya gamu da Marjun a kan dutse sai ya makance na ɗan lokaci, a hanyar da gefenta ɗaya rami ne. Ta duba lamba, ta duba shekara, ta duba soket. Hannun hanya ne kaɗai bai zo mata ba, don a idonta ba wani hannun.

"Me ya faru?" Marjun ce daga cikin mota. "Ni dai na ga haske ya yi kyau."

Hanus ya dubi Rannvá. Ita ba ta dube shi ba.

"Na ƙasar hagu ne, Mamma. Ba za su yi a nan ba."

"Ba a juya su?"

"A cikin madubin aka gina shi. Ba ya juyuwa."

"A manna musu baƙin tef mana," in ji Hanus, "kamar yadda baƙi masu yawon buɗe ido suke yi."

"A toshe rabin hasken ke nan. Da haka gara tsofaffin."

"To ni dai ina da sauran tumaki, shi ya sa nake tambaya."

Ya buɗe ƙofa ya tafi cin abinci. Rannvá ta zauna a kan akwatin kifi tana kallon layukan. Na uku yana ɗauke da shekarar da ta tafi karatu. Ta tuna motar, ja ce, a cikinta ya kai ta tashar jirgi, bai ce komai ba sai dai ya tambaya ko ta ɗauki safa. Ta tashi ta kwance sababbin fitilun, ta mayar da kowace cikin rigar sanyinta, ta ɗora su a kan kantar da ke jikin bango.

Tsofaffin ta kai wurin wanke-wanke a kicin. Ta jiƙa samfefa ta fara da mai kaushi, tana gogawa gefe zuwa gefe, ruwa na zuba a kai. Abin da ke sauka rawaya ne mai kauri, kamar ruwan tsamiya. Ta canja zuwa mai laushi, ruwan ya koma fari, ya koma garau. Daga nan man da ake goge gilashin kwale-kwale da shi, da tsumma, da ƙarfin kafaɗa. Sannu a hankali madubin ciki ya fara leƙowa, sai ga fuskarta a ciki, ƙarama, a kife.

Marjun na zaune a bakin tebur tana saurare. Rannvá ta miƙa mata guda. Ta shafa ta da yatsu daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Ashe yanar tana fita."

"Tana fita. Minti arba'in."

"Ta mota."

"Ta mutum ma an ce ba ta kai haka ba."

Marjun ta ajiye fitilar a kan tebur, ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Sababbin ƙwai suka shiga tsofaffin fitilu, fitilun suka koma gurbinsu, bamba ya koma. Aka sake rufe ƙofa, Marjun a kujerar tuƙi. Wannan karon hasken ya kwanta a kan layi na biyar kamar ya san wurin, ya haura dama tare da shi. Na hagu ya ɗan yi sama. Rannvá ta murɗa ƙusar saiti rabin zagaye, ta sake kwata, har bakinsa ya sauka daidai kan allin. Sai na hazo. Suka shimfiɗa rawaya mai faɗi a gindin ƙofa, ƙasa-ƙasa, kamar tabarma.

Da suka buɗe ƙofa ƙarfe uku ta wuce, rana ta tafi. Hazo ya sauko daga dutse ya cinye coci, ya cinye gidan Hanus, yana kan cin katangar lambu.

"Mu je," in ji Marjun.

"Yanzu?"

"Da rana tsaka kike so ki gwada fitila? Shiga. Ɗaya ƙofar."

Suka fita ƙauyen a hankali. Hasken rawaya ya rarrafa ta ƙarƙashin hazon, ya kamo kwalta da farin layi da gindin sandunan gefen hanya. Sama da nan ba komai. Sandunan na zuwa ɗaya-ɗaya, kowace ta ƙifta ta wuce. Marjun ta kai allurar gudu kan talatin ta bar ta nan, kamar an kafe ta da ƙusa. Daga nan ta fara waƙa.

Irin waƙar rawar mutanen da ce, wadda ake kama hannu a zagaya da ita a dogon duhun hunturu, taku biyu hagu, taku ɗaya dama, baiti ya wuce ɗari. Muryar ta tsufa amma ba ta rawa. Rannvá ta jingina kai. Ɗumi ya taso daga ƙafarta. Motar ta daina zama mota, ta zama kwale-kwale a kan ruwa mai santsi, ba gaɓa, ba tauraro, sai muryar da ke ja. Ta ji kamar ba su ke tafiya ba, hanyar ce ake saƙawa a gabansu taku goma-goma, ana warware ta a bayansu. In aka ce mata shekararta tara, suna kan hanyar zuwa sayen takalmin makaranta, ba za ta yi musu ba.

Sai ta lura da hannun. Marjun ta murɗa sitiyari, sannan kwanar ta fito daga hazo ta same su. Rannvá ta gyara zama. Baiti ya ƙare, hannun ya sake murɗawa, sannan wata kwanar ta iso. Ta fara ƙirgawa. A na tara ƙarar taya ta canja, gada ce. A na goma sha huɗu, daidai kan amshi, ƙarafan da aka shimfiɗa don tare tumaki suka yi kwararrab a ƙarƙashinsu, kamar suna cikin mawaƙan. Idon Marjun na kan gilashi, a buɗe, amma ba shi ke aikin ba.

Kusa da ƙolin dutse wasu ɗigo biyu kore suka bayyana can ƙasa cikin rawayar. Suka zama huɗu. Suka zama goma. Tumaki ne kwance a tsakiyar kwalta, suna lasar gishirin da aka watsa saboda ƙanƙara. Rannvá ta dubi ƙafar mahaifiyarta. Ba ta motsa ba. Ta jira numfashi ɗaya, don alƙali ba ya yanke hukunci da zato. Ta jira na biyu. Waƙa na tafiya.

"Mamma, tsaya."

Birki ya kama nan take. Motar ta tsaya taku uku daga ta farko, wadda ta ɗago kai tana tauna.

"Mene ne?"

"Tumaki. Biyar."

Marjun ta kai fuska kusa da gilashi. "Yanzu na gan su." Ta ƙanƙance ido. "Na dai ga wani abu."

Inji na kaɗawa. Mai share gilashi ya je ya dawo.

"Tun yaushe kike tuƙi da waƙa?"

"Tun bara. Baiti talatin da takwas zuwa gari, in ba iska. Ban taɓa kuskuren kwana ba, ki tambayi kowa."

"Tunkiyar Baffa fa?"

"Tunkiya ba ta cikin waƙar."

Rannvá ta fita ta kore su. Suka tashi ba gaggawa, suka taka uku huɗu, hazo ya haɗiye su, ƙarar ƙafarsu ta ɗan daɗe bayansu. Ta juyo ta dubi motar daga waje. Fitilu huɗu, biyu fari biyu rawaya, a tsaye cikin fari kamar ba abin da ke riƙe da su. Aiki ya yi kyau. Ba wanda zai ce fitilun nan suna da laifi. Fuskar da ke bayan gilashi kuwa ba a ganinta.

Da ta dawo ta tarar Marjun ta riga ta zagaya ta zauna a ɗaya kujerar, ta ɗaura bel, hannu biyu a cinya.

Rannvá ta shiga. Ta kai hannun hagu neman giya, ta bugi ƙofa. A wani fili da aka bari don motoci su kauce wa juna ta juya, suka kama gangara. Hanyar ta zo mata da sauƙi. Tana ganin layi, tana ganin sanduna, kafaɗunta suka sauka. Ta fara tunanin kalmomin da za ta faɗa wa Símun, gajeru, yadda ba zai nemi ƙari ba.

"Dama."

"Na'am?"

"Kin koma Aberdeen. Dama, Rannvá."

Ta fizge sitiyari. Motar ta tsallake farin layin ta koma hannunta. Ba a yi ƙirga biyar ba hazon ya yi haske daga ciki, manyan fitilu biyu suka fito, motar ɗaukar kifi ta wuce ta hagunsu da dogon ham, iskarta ta girgiza su. Jajayen fitilunta suka narke a madubi.

Rannvá ta tsaya a gefe. Ta dafe sitiyari da hannu biyu. Idon Marjun a rufe yake.

"Yaya aka yi kika sani?"

"Rafi ya yi nisa da kunnena. In ana gangara a nan yake, dab da ƙofa." Ta buɗe ido. "A rawa kaɗai ake bin hagu a ƙasar nan."

"Kada ki gaya wa Símun."

"Ni ba alƙali ba ce."

Rannvá ta yi dariya, gajeruwa, wadda ba ta shirya ba. Ta sa giya da hannun da ya dace.

"Ki ci gaba da waƙar, daga ƙarshe zuwa farko."

"Waƙa ba ta tafiya da baya. Ta komawa gida daban ce. Ki riƙe gudu a talatin, in kin wuce ba ruwana."

Ta ɗauko wata, mai sanyi fiye da ta farko. Rannvá ta riƙe gudun a talatin. In baiti ya kusa ƙarewa Marjun ta ɗaga yatsa ɗaya daga cinyarta ta nuna gefe, sai kwanar ta zo. Sau biyu koren ido ya ƙyalla a bakin hanya, Rannvá ta rage gudu, waƙar ta jira ta, suka ci gaba tare. Ƙarafan tumaki suka amsa a inda ya kamata. Gada ta amsa. Daga nan tagar Hanus ta fito, rawaya, tana shawagi ba gida a jikinta.

Ta shigar da motar da baya, sau biyu tana gyarawa. Kafin ta kashe, wayarta ta fara kaɗawa a aljihu. Símun ne. Ta bar ta ta gama.

Marjun ba ta kwance bel ba. Tana fuskantar buɗaɗɗiyar ƙofa da farin da ke bayanta.

"Símun ya ce ɗakin yana da ɗumi," ta ce. "Tagar wurin ajiye motoci take kallo, amma ni me zan gani." Ta gyara ɗankwalin wuyanta. "Ki faɗa masa abin da kika gani. Ban haifi maƙaryaciya ba."

"Me ya sa kika ɗaga ranar Oktoba?"

"Aljihun motata ma kika shiga."

"Fis nake nema."

"Ido ɗaya suke yi, a jira makonni, a yi ɗayan. Duk tsawon nan ba tuƙi. Wa zai kai ni, wa zai dawo da ni? Símun. In na shiga ɗakin nan da jaka ɗaya, kin san ba zan fito ba."

Ta kwance bel, ta fita, ta bi jikin motar da hannu har bakin ƙofa ta tsaya a waje tana jira.

Rannvá ta kashe fitilu ta zare makulli. Ta daɗe a zaune da shi a tafin hannu. Tana da hutun shekara uku da ba ta ci ba, da ɗaki a Aberdeen wanda ba abin da ke jiranta a ciki sai tukunyar fure guda, ita ma ta roba. Ta fito ta je wurin kantar. Fitilun ƙasar hagu na nan a naɗe. Ta zare rigunan sanyin biyu daga jikinsu, ta kaɗe, ta rataya a kafaɗa, ta bar fitilun tsirara suna kallon bango. Ta ciro alli daga aljihu, ta jawo ƙofa ɗaya, ta bi layi na biyar ta sabunta shi daga hagu har inda ya haura dama. A gefen shekarar mahaifinta ta rubuta ta bana.

Wayar ta sake kaɗawa. Ta fito, ta jawo ɗaya ƙofar, ta haɗa su, ta saukar da sakata.

"Zan gaya masa ba kya gani," ta ce. "Zan gaya masa makulli na hannuna, ni kuma ina nan har a cire miki yanar nan, ido biyun. Ba inda za ki."